Tarke a kan Hanyar Shiga Jami'a da Manhajar Injiniyancin Injuna, Bisa Mudun Ƙasar Gumbin Kure

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a yi tarken tsarin da ake bi a Nijeriya wajen ɗaukar ɗalibai da koyar da su ilmin injiniyancin injuna a jami'a. Da yake duk mai son yin awo sai ya tanadi mudu, mu namu mudun shi ne ƙasar Gumbin Kure, wadda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Maiyama ta Jihar Kebbi, tare da maƙwabtanta na Jega da Aliero. Dalilai biyu suka sa muka zaɓi wannan yanki. Na farko, ƙasa ce ta manoma wadda rayuwarta a yau ta rataya a kan inji, tun daga injin ban-ruwa a fadama, da injin niƙa a bakin kasuwa, da injin casar shinkafa, har zuwa babur da manyan motocin da ke kwasar albasa zuwa kudu. Na biyu kuwa, tun shekarar 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda gwamnatin jiha ta kafa a zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, daga baya aka raɗa mata sunan Abdullahi Fodiyo, kuma injiniyancin injuna yana cikin fannonin da ake koyarwa a can. Watau ga bukata, ga kuma makaranta a ƙofar gida.

Abubuwan da za mu tarka guda biyu ne, kuma duka a rubuce suke. Ɗaya shi ne ƙa'idojin shiga jami'a waɗanda Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, watau JAMB, take zartarwa. Ɗayan kuma shi ne sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022. Tambayarmu a kansu ita ce: shin yaron Gumbin Kure mai basirar inji yana iya bi ta wannan ƙofa, in kuma ya bi, shin abin da zai ɗauko a ciki zai amfani mutanen da suka sayar da hatsi da albasa suka biya masa kuɗin makaranta shekara biyar? Ba mu nufin zargin wata makaranta ko wani malami. Tsarin muke dubawa, mu faɗi inda ya dace da inda ya kauce.

2.0 INJINIYA DA BAKANIKE

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wani ruɗani da harshe ya haifar. Kalmar bakanike da kalmar da Turawa ke kiran wannan fanni da ita tushensu ɗaya ne, saboda haka idan yaro ya ce wa mahaifinsa zai karanta shi a jami'a, abin da uban zai ji shi ne kanikanci. Nan da nan sai ya tambaya, kuma tambayar tana da hujja, don me za a ɓata shekara biyar da kuɗi masu yawa a kan abin da ɗan maƙwabcinsa ya koya a gareji a Jega, har ga shi yana ciyar da gida? Wannan ne ya sa muka zaɓi mu ce injiniyancin injuna.

Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne, aikin bakanike ya mayar da inji kamar yadda maƙerinsa ya yi shi, aikin injiniya kuwa ya san dalilin da ya sa aka yi shi haka, ya kuma iya lissafa tun kafin a yanka ƙarfe ko sabon abin da ake son ƙerawa zai jure nauyi da zafi da juyin da za a ɗora masa. To amma wannan bambanci bai raba su da asali ba. James Watt, wanda ya gyara injin tururi ya karɓi takardar mallakar fasaharsa a 1769, mai gyaran kayan awo ne a Jami'ar Gilasgo. George Stephenson, wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Ingila a 1847, a bakin ramin haƙar kwal ya tashi, sai da ya kai shekara 18 sa'an nan ya koyi karatu da rubutu. Bafaranshen nan Sadi Carnot bai fitar da bayaninsa na yadda zafi ke zama ƙarfi ba sai a 1824, lokacin da injunan tururi suka daɗe suna aiki. Tun kafin waɗannan duka, al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ciki har da na ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona. Abin lura a nan shi ne, a tarihin wannan fanni hannu ne ya yi gaba, alƙalami ya biyo shi ya yi masa ƙa'ida. Duk tsarin koyarwar da ya raba su, to, ya saɓa wa yadda ilmin ya ginu.

3.0 WAIWAYE

A Arewa, koyar da injiniyanci a matakin digiri ya fara ne a Zariya, a reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, a shekarun 1950, kuma wannan sashe ne Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka kafa ta a 1962. Bayan yaƙin basasa aka yi ta kafa hukumomi ɗaya bayan ɗaya: hukumar rajistar injiniyoyi, watau COREN, a 1970, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a 1971, wanda ya ɓullo da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu a 1973, Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta NBTE a Kaduna a 1977, sai JAMB a 1978.

Wannan zamani shi ne na kuɗin man fetur da burin manyan masana'antu. An buɗe wurin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, an soma aikin ƙarafa na Ajakuta a 1979, matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, masaƙun Kaduna da Kano suna ɗaukar dubban ma'aikata, a Sakkwato kuma akwai kamfanin siminti na Kalambaina. Injiniyan da aka zana a zuci sa'ad da ake tsara darussa shi ne wanda zai shiga irin waɗannan wurare ya tarar da manyan injuna da ƙwararrun da za su ƙarasa masa horo. Galibin masaƙun nan sun rufe, Ajakuta kuma ba ta kai ga cika burin da aka kafa ta dominsa ba, amma hoton wancan injiniya bai gushe daga manhajojinmu ba. Haka kuma tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya zo da darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo kayan aiki daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ɗakunan aiki da malamai. Niyyar ta yi kyau, sai dai an sayi sirdi ne kafin doki.

4.0 ƘOFAR SHIGA

Mai neman karanta injiniyancin injuna dole ne ya sami sakamakon kiredit a darussa biyar na kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB a kan waɗannan huɗun, tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimlar maki 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, tun 2021 kuma sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ake rajista. Bayan wannan jami'a tana da damar yin nata tantancewar. Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye ga mai difloma ta kwalejin fasaha ko mai shaidar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita.

Ya kamata mu fara da yabo, domin tsarin yana da abin yabo. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar nata, mai hanya ya sami gurbi biyu ko uku, marar hanya ya rasa ko ɗaya. Jarrabawa ɗaya ga kowa ta rage wannan. Wajabta lissafi da fiziks ma daidai ne, domin wanda ba ya iya sarrafa alƙaluma ba zai iya auna ƙarfin da sandar inji za ta ɗauka ba, kuskurensa kuwa rayuka yake ci. Bugu da ƙari, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ta raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, Kebbi kuma tana cikinsu, an yi ta ne don irin yaranmu.

To amma bari mu ɗauki misalin yara biyu, mu gwada ƙofar da su. Na farko ɗan ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ya taso da kwamfuta a ɗaki, an ɗaukar masa malamin darasi, ya haddace tsofaffin tambayoyi, amma bai taɓa kwance ko da fulogi ba. Na biyu ɗan manomi ne a ƙasar Maiyama, tun yana ƙarami shi ake kira idan injin ban-ruwa ya ƙi tashi, yana jin ƙarar inji ya san ko kafireta ce ta toshe ko fistan ne ya ci, lissafinsa kuma ba laifi. Jarrabawar nan za ta ba kowannensu daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Kashi ɗaya cikin huɗu na makin Turanci ne tsantsa, sauran ukun ma da Turanci ake tambayarsu, watau yaron ƙauye sai ya fassara tambaya a zuci, ya warware ta, ya nemo harafin amsa a allon da ƙila ranar ce karo na biyu ko na uku da ya taɓa shi. Babu tambaya ko ɗaya da za ta sa shi ya zana wani abu, ko ya auna, ko ya dubi abin da ya lalace ya faɗi dalili. Zanen fasaha da aikin ƙarfe, waɗanda su ne mafi kusa da fannin, ba a wajabta su ba a galibin jami'o'i. Sakamakon haka shi ne, duk abin da yaro na biyu ya fi na farko da shi ba ya hawa ma'auni.

Gazawa ta biyu ita ce, rabon gurabe yana aiki ne a bakin ƙofa, alhali kuwa matsalar tana can baya a kan hanya. Kiredit a fiziks da kemistiri yana bukatar ɗakin gwaji da malamin fanni, kuma kowa a cikinmu ya san yadda waɗannan suke ƙaranci a makarantun karkara, balle na 'yan mata. Gurbin da aka keɓe wa jiha yakan faɗa ne a hannun 'ya'yan biranenta, ɗan ƙauye kuwa ya tsaya tun a aji huɗu na sakandare, ranar da aka ce babu malamin fiziks sai ya koma ajin adabi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gazawa ta uku ta shafi tsani. Tun gyaran dokar 1992, COREN tana rajistar rukuni huɗu: injiniya, da masanin fasaha, da mataimakin fasaha, da mai sana'ar hannu. A takarda wannan tsani ne da mutum zai iya hawa daga ƙasa zuwa sama, kuma shaidar NABTEB ta makarantun koyon sana'a tana shigar da mutum jami'a. Sai dai yaron da ya yi shekara biyar a hannun maigidansa a gareji ko maƙera ba ya kan kowane mataki, domin iyawarsa ba ta da takarda. An fara yunƙurin ba masu sana'a shaidar ƙwarewa, kamar yadda aka gwada da masu aikin ƙarfe na kasuwar Panteka a Kaduna, amma irin wannan shaida ba ta zama mabuɗin ajin injiniyanci ba.

5.0 MANHAJA

Wanda ya tsallake ƙofa zai yi shekara biyar. Shekarar farko ta lissafi da kimiyya ce. A ta biyu duk ɗaliban injiniyanci sukan haɗu a kan zane, da aikin hannu, da sanin kayan ƙira. Daga ta uku ake shiga zuciyar fannin: ilmin zafi da ƙarfin da ake samu daga gare shi, da gudanar ruwa da iska, da juriyar ƙarafa, da motsin sassan inji, da tsara inji tun daga takarda. A ta huɗu ɗalibi yakan tafi koyon aiki na kimanin wata shida, a ta biyar kuma ya yi aikin bincikensa na kammalawa. Wannan jeri ba mu da ja a kansa. Kowane hawa yana zaune a kan na ƙasa da shi, kuma haka ake yi a duk inda ake koyar da fannin a duniya.

Sabon abin da manhajar 2022 ta kawo, wanda ya bambanta ta da ta 2007, shi ne ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki wannan a 2023, tana ganin an ƙwace wa majalisun jami'o'i ikonsu na tsara karatu. Wannan suka yana da nauyi, amma mu a nan abin da ya fi damunmu shi ne abin da za a zuba a cikin kashi 30 ɗin, domin idan aka cika shi da ƙarin darussan da aka kwafo daga wata jami'a, to, an bar baki ya yi magana amma ba a ce komai ba.

Aibobin da muka hango a koyarwar guda uku ne. Na farko, misalan da ke cikin littattafai na wasu ƙasashe ne. Ɗalibi zai lissafa yadda ake ɗumama gida a lokacin ƙanƙara, alhali a garinsu zafin bazara yana haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ce ke kashe inji. Ƙa'idar ɗaya ce, gaskiya ne, amma ɗalibin da bai taɓa ganin an ɗora ƙa'ida a kan abin da ya sani ba yakan ɗauke ta abin haddacewa ne kawai. Na biyu, shirin koyon aiki an gina shi ne a kan zaton akwai masana'antu masu isar kowa. A Jihar Kebbi akwai manyan injunan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda suka bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, amma ba za su ɗauke dukan ɗalibai ba. Sauran sukan ƙare a ofisoshi suna cika littafin rahoto, ga kuwa garejoji da wuraren walda da maƙeru cike da aiki, ba mai tura su can saboda ba a ɗauke su masana'antu ba. Na uku shi ne harshe. Injiniyan da ya fito ba ya iya yi wa manomi bayanin abin da ya karanta da Hausa, manomi kuma ba ya jin Turanci, sai su tsaya a gaban inji ɗaya kamar baƙin juna.

6.0 ABIN DA YA KAMATA YA CIKA KASHI TALATIN

Don kada maganarmu ta zama suka ba magani, ga misalai uku daga wannan yanki, kowannensu yana ɗauke da ilmin da ya kai a koyar a jami'a.

6.1 Injin ban-ruwa. Manomin rani a fadamun Gulbin Zamfara ya san cewa idan ruwan rijiyarsa ya ja ƙasa inji yakan daina zuƙa, sai ya haƙa rami ya saukar da injin kusa da ruwa. Ya san maganin, bai san dalilin ba. Dalilin shi ne, nauyin iskar da ke kanmu ne ke tura ruwa cikin bututu, kuma iyakar abin da zai iya ɗagawa mita 10 ne da 'yan kai, a aikace ma bai cika wuce mita 7 ko 8 ba. Wannan matsala ce masu haƙar rijiya na Italiya suka kai wa malamansu, har Torricelli ya warware ta a 1643. Haka kuma, manomin da ya sa tiyo mai faɗin inci 2 a maimakon mai inci 3 don ya fi araha bai san cewa, in ruwan da ke bi ɗaya ne, gogayyar da ke cikin ƙaramin ta haura ninki bakwai ba, kuma da fetur yake biyan wannan bambanci kullum. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, manoma da yawa sun koma ga iskar gas da hasken rana. Wane girman faranti ya dace da wane famfo, a wane zurfi, don kadada nawa? Wannan lissafin injiniya ne, kuma ɗan kasuwa ne ke yin sa a yau da ka.

6.2 Ajiyar albasa. Aliero ta yi suna da albasa a duk Afirka ta Yamma, kuma kowa ya san yadda farashinta ke faɗuwa a lokacin cira ya hau bayan 'yan watanni. Ribar manomi tana ga ajiya, asararsa ma tana can. Albasa abu ne mai rai, tana numfashi tana fitar da zafi da laima. In laima ta yi yawa ta ruɓe, in iska ta bushe ƙwarai ta motse ta rage nauyi. Rudun da manoma ke yi da kara da ciyawa dabara ce ta barin iska ta ratsa, amma tsayinsa daga ƙasa, da kaurin tulin albasar, da fuskar da zai kalla, duk da kintace ake yin su. Auna zafi da laima a cikin rudu goma na tsawon damina ɗaya, da fitar da fasalin da ya fi rage asara da kayan da manomi zai iya saya, aiki ne da ya ƙunshi ilmin tafiyar zafi da gudanar iska gaba ɗayansa.

6.3 Maƙera. Maƙeri yakan nemi tsohon sifirin na mota idan zai yi gatari ko lauje, ya ƙi ƙarfen rodi, ya zuga wuta har ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa ko mai, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. Abin da yake yi da ido shi ne abin da ake koyarwa a aji uku da zane da alƙaluma: yawan sinadarin gawayi a cikin ƙarfe shi ke sa ya karɓi horo, kuma tsarin cikinsa yana sauyawa ne in zafi ya haura digiri 727. Da ɗalibi zai yi mako biyu a gindin uwar maƙera yana riƙe da awartaki kafin a zana masa wannan a allo, da darasin ya zauna. Da kuma zai auna taurin garmar maƙera daban-daban ya mayar musu da sakamako, da su ma sun ƙaru.

Irin wannan haɗi ba baƙon abu ba ne. Dokar da Amurka ta yi a 1862 ta kafa kwalejoji a jihohi musamman don noma da fasahar injuna, aka ɗora musu hidimar manoman da ke kewaye da su, kuma da yawansu sun zama manyan jami'o'i. A gida ma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana ƙera injunan sussuka, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato kuma tana aiki a kan na'urorin hasken rana.

7.0 WANI HANZARI

Za a iya cewa abin da muke kira gare shi zai mayar da jami'a makarantar koyon sana'a, ya fitar da injiniyan da ba zai iya aiki a Legas ko Jamus ba. Wannan hanzari ne mai ƙarfi, kuma ba mu raina shi ba. Ɗan Gumbin Kure yana da haƙƙin ya ƙera injin jirgin sama in basirarsa ta kai, kuma zalunci ne a tsare shi a kan famfo don kawai a ƙauye aka haife shi. Amsarmu ita ce, kashi 70 yana nan ba a taɓa shi ba, kuma ƙa'idar da ke juya farfelar famfo ita ce ke juya ta tashar lantarki ta Kainji. Wanda ya fahimce ta a kan ƙaramin inji, har ya ga inda lissafinsa ya saɓa da abin da ya auna, ya fi shirin fuskantar babba a kan wanda ya haddace ta.

Haka kuma ba mu cewa duk abin da ake yi a gareji daidai ne. Bakaniken da ke cire na'urar daidaita zafin inji ya yar, ko ya ɗaure kusoshi ba tare da awo ba, ko mai waldar da ke aiki ba kariyar ido, suna bukatar gyara. Girmama sana'a bai hana a faɗa mata gaskiya ba, kuma wanda zai faɗa ɗin a saurare shi shi ne wanda ya zauna da masu ita ya ji harshensu.

8.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa ƙofar shiga ta yi adalci wajen auna abin da take aunawa, amma ta bar rabin abin da ya kamata a auna. Manhaja kuma ginshiƙanta lafiya lau suke, sai dai an fuskantar da ita ga masana'antun da suka yi ƙaranci, an juya wa injunan da ke ciyar da jama'a baya. Bisa ga wannan muke ba da shawarwari kamar haka:

(i) Jami'o'i su yi amfani da damar tantancewa da suke da ita su sa gwajin zane da awo da gano lalacewar inji, a ba shi maki, ba tare da an sassauta sharaɗin lissafi ba.

(ii) Sassan injiniyanci su riƙi makarantun sakandare na karkara da ke kusa da su, ɗaliban aji huɗu da biyar su riƙa zuwa suna taimakawa da gwaje-gwajen fiziks, na maza da na mata.

(iii) A amince da zaɓaɓɓun garejoji da maƙeru da wuraren walda a matsayin wuraren koyon aiki na wani ɓangare na wata shidan nan, bisa kulawar malamin jami'a.

(iv) A ɗauko ayyukan kammalawa daga matsalolin da manoma da masu sana'a suka kawo da bakinsu, kuma kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayanin aikinsa da Hausa, ya karanta shi a gaban waɗanda abin ya shafa.

(v) Mu masu nazarin harshe mu zauna da injiniyoyi da kanikawa da maƙera mu tattara kalmomin fannin. An yi wa nazarin harshe da adabi irin wannan hidima a littafin keɓaɓɓun kalmomin da Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990. Kalmomin inji da yawa suna nan a bakin masu sana'a, abin da ya rage shi ne a rubuta su, a tace, a daidaita.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta fi hawa kanmu, mu da muka hallara a nan, domin ba ta jiran kasafin kuɗi ko izinin wata hukuma. Muna fatan malamai za su dubi abin da muka kawo, su gyara inda muka yi kuskure, su cike inda muka rage. Allah ya sa mu dace.